Fitar kogi ta bana: Comal ko Guadalupe, kuma a ɗaure tif-tif ɗin ko a bar kowa da nasa?

Baban_Hanifa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Lokacin fitarmu ta kowace bazara ya matso, ta hawa tif (zagayayyar robar da ake hura wa iska, irin ta cikin tayar mota) a bi kogi. Zuwa yanzu mutum 23 suka ba da suna daga Houston da Dallas da San Antonio, manya 14, yara 9, ƙaramin cikinsu shekararsa 4. Manya biyar kacal suka iya iyo na haƙiƙa. Muna son ta faɗo cikin Yuli, kafin yara su koma makaranta. Abu uku nake roƙon masu sani su warware mana. Cikin kogunan nan biyu na jihar Texas ta Amurka, Comal za mu nufa ko Guadalupe? Hayar tif za mu yi ko saye? Sannan a ɗaure tif-tif ɗin wuri guda don kada a rarrabu, ko kowa ya bi ruwa da nasa?

Sarkin_Ruwa82
Wa alaikumus salam. Da yara tara da manya tara da ba su iya ruwa ba, Comal ne amsarka. Ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa a cikin garin New Braunfels, shi ya sa sanyinsa kusan ɗaya ne rani da damina, digiri 21 zuwa 22 a ma'aunin Selsiyas, kuma garau yake har kana hango duwatsun ƙasa. Duk tsawon kogin kamar kilomita 4 ne kafin ya faɗa Guadalupe, kuma ta tsakiyar gari ya ratsa, ko wani abu ya taso taimako na kusa. Shawagin kan ci awa biyu zuwa uku. Amma kada garau ɗin ya ruɗe ku, akwai wurare da dama da zurfinsu ya shanye tsayin babban mutum.

Bazazzagi_Dallas
Ban yarda ɗari bisa ɗari ba, Sarkin Ruwa. Comal ranar Asabar a watan Yuli tif na gogar tif, ga masu shaye-shaye, ga kiɗa ta ko'ina. Da iyali za a je fa, har da iyayenmu mata. A Guadalupe akwai wurin da ake kira Horseshoe kusa da garin Sattler, kogin ya lanƙwasa kamar kofaton doki, tsawonsa wajen mil guda. Inda ka fita ba shi da nisa da inda ka shiga, a ƙafa ma sai ka koma. Ga inuwar manyan bishiyoyi a gaɓa.

Sarkin_Ruwa82
@Bazazzagi_Dallas Horseshoe ma cika yake ranar Asabar, kuma mutanen iri ɗaya ne. Maganin cunkoso rana ce da lokaci, ba sauya kogi ba. Talata ko Laraba, a shiga ruwa ƙarfe 9 na safe. A kauce wa ƙarshen makon 4 ga Yuli, hutun ranar 'yancin Amurka, gaba ɗaya.

Injiniya_SA
Bari in sa lissafi a ciki, don bambancin kogunan nan biyu a yawan ruwa yake. Guadalupe ɗin da ake hawa da tif yana ƙasa da madatsar Canyon Lake, abin da aka sako daga madatsar shi za ku tarar. Ana auna shi da cfs, kowane cfs ɗaya kamar lita 28 ne ke wucewa cikin daƙiƙa guda. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, tana da ma'auni a Sattler, kyauta ne a intanet, kowa zai iya dubawa da wayarsa.

Idan lambar ta yi ƙasa sosai, kamar ƙasa da 100, rabin tafiyar jan tif za ku yi a kan duwatsu, wanda ke zaune kuma ƙasan tif ɗinsa na bugun dutse. Daga wajen 150 zuwa 350 shi ne mai daɗi ga iyali. Da ta haura 500 maganar ta sauya, ba ruwan yara ba ne kuma. Gundumar Comal tana da umarnin cewa a 500 dole yara 'yan ƙasa da shekara 8 su sa rigar ceto, a 750 kuwa kowa da kowa. Matsalar mai shirya tafiya ita ce ba zai san lambar ranar ba sai ana saura kwana biyu ko uku. Comal bai cika yin wannan hawa da sauka ba. A shekarun fari dai yakan ja baya ya yi sanyin gudu, tafiyar awa biyu ta koma huɗu.

Wani abin kuma, ruwan Guadalupe daga gindin madatsa ake sako shi, ya fi na Comal sanyi nesa ba kusa ba. Yaro ɗan shekara 4 ba zai jure shi awa biyu ba.

MamanBiyu
To wannan makwararar siminti ta Comal fa, wadda suke cewa Tube Chute? Ita ce ke ba ni tsoro saboda yaran.

Sarkin_Ruwa82
Hajiya, tsoronki a kan hanya yake. Tana wajen wurin shaƙatawa na Prince Solms Park, an yi ta ne don tif ya kewaye tsohuwar madatsa. Ruwa na matsewa a ciki ya ƙara gudu, sai ya watso mutum cikin wuri mai zurfi da ruwa ke juyawa. A bakin fitar nan ake kifewa, kuma juyin ruwan kan mayar da mutum baya maimakon ya tura shi gaba. Ba dole ne a bi ta ciki ba. Ana fita kafin a kai gare ta, a ɗauki tif a ka, a taka 'yan taku, a sake shiga a ƙasa. Ƙananan yara da duk wanda bai iya iyo ba su kewaye. Wanda zai bi ta ciki ya ɗaga mazaunansa daga ramin tif, ƙafafu a gaba, hannu biyu a kan mariƙa, ya cire tabarau da hula. Akwai wasu ƙananan gangara a gaba, kada a saki jiki don an wuce babbar.

Kawu_Direba
A kan haya ko saye. Ku yi haya, ba don tif ɗin ba, don motar. Kamfanonin haya suna haɗa tif da bas ɗin da zai kwaso ku daga mafita ya mayar da ku inda kuka ajiye motoci, kuma galibinsu suna karɓar makullin mota su ajiye. Idan kun zo da naku, sai kun shirya mota ɗaya a mafita tun kafin a shiga ruwa, direbobi su koma da ita su kwaso sauran, mutum 23 jiƙe suna tsaye a rana suna jira. Wasu kamfanonin kan sayar da kujerar bas kaɗai ga mai tif ɗinsa, a kira a tambaya tun da wuri. Makullin motocin yanzu na lantarki ne, in ya sha ruwa motar ba za ta tashi ba. Kada ya shiga kogi ko a cikin leda.

BakanoHTX
Ni ina ganin tunda abin na kowace shekara ne, saye ya fi sauƙi. Intex River Run na mutum ɗaya faɗinsa inci 53, yana da raga a ƙasa da majingina da mariƙa biyu, yana ɗaukar har kilo 100. Hayar shekara biyu ta biya kuɗinsa. Sai famfon da ake jonawa a mota. Abin da kawai zan hana shi ne tif ɗin wasan yara na wurin wanka, mai siffar agwagwa da makamantansu. Robarsa sirara ce, reshe ɗaya ya ishe ta.

Kawu_Direba
In za a saya to a kula da iska. Kada a cika tif tam kamar ganga. Zafin Texas a Yuli yana kaiwa digiri 38, tif da aka cika da safe aka bari a kan kwalta iskar ciki za ta buɗe ta yage ɗinkin. A hura har in ka danna da babban yatsa ya ɗan lotsa, a ajiye a inuwa. Yana taɓa ruwan sanyi zai ɗan saki, ba huji ba ne. Daren tafiya a hura duka a bar su kwana, wanda ya saki da safe a shafa masa ruwan sabulu, inda kumfa ta taso nan ne hujin, a busar a yi faci. Masu son baƙin tif na babbar mota, ya fi kowanne ƙarfi, amma bawul ɗinsa dogon ƙarfe ne mai yankar cinya. A juya shi ya kalli ƙasa, a naɗe shi da salatif. Baƙar robar kuma tana ɗaukar zafi har ta ƙona hannu, sai ana watsa mata ruwa.

Nas_Zulai
Duk ba a taɓo abin da ya fi muhimmanci ba. Tif ba rigar ceto ba ne. Yana kifewa, yana sacewa, yana kuɓucewa ruwa ya tafi da shi. Baban Hanifa, mutum 18 ke buƙatar rigar ceto a tafiyar nan: yara tara da manya tara. Ba a ajiye a kan tif ba, a jiki, a ɗaure.

Da nauyi ake zaɓar ta yaro, ba da shekaru ba. Akwai ta fam 30 zuwa 50 (fam ɗaya kusan rabin kilo ne), akwai ta fam 50 zuwa 90, daga 90 zuwa sama ta manya. A duba cikin rigar a ga tambarin amincewar Coast Guard, hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka. Ta ƙananan yara dole ta kasance da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Bayan an ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ɗaga sama. In ta haura kunnen yaro ko haɓarsa ta shige ciki, ta yi masa yawa, a ruwa zamewa zai yi ta ƙasa. 'Yan robobin nan da ake hura wa iska a sa a damtse ba sa cikin lissafi.

Kuma a sani mai nutsewa ba ya ihu. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kira, hannuwansa na danna ruwa a gefe. Cikin daƙiƙa 20 zuwa 60 yake ɓacewa. Saboda haka kowane yaro a ba shi babba ɗaya da sunansa, wanda hannunsa zai iya kaiwa gare shi. In aka ce kowa ya sa ido, ba wanda ke sa ido.

Gwaggo_A
Allah ya saka da alheri, 'yata. Mazan ne za su yi gardamar sa rigar, ba yaran ba.

Nas_Zulai
Gwaggo, to a mayar da ita sharaɗi tun a gida. Wanda ba zai iya ninƙaya mita 50 ba tare da ya tsaya ba, sannan ya tsaya kan ruwa minti ɗaya ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, ya sa riga ko ya jira mu a gaɓa.

BakanoHTX
Mu dawo kan ɗauri. Ni ina goyon bayan a ɗaure. Ruwa ba ya tafiya da gudu ɗaya, na tsakiya ya fi na gefe. Cikin minti 20 za ka ga na gaba ya yi nisa, wata baiwar Allah ta maƙale a gefe ita kaɗai ba ta san yadda za ta fito ba. Ɗauri na hana wannan.

Sarkin_Ruwa82
A nan kam ba na tare da kai ko kaɗan. Igiya a ruwa mai gudu ita ce abin da masu aikin ceto suka fi tsoro. Ka ɗauki tif 23 a jere sun iso ƙafar gada. Rabi su bi dama, rabi su bi hagu, igiyar ta rataye a ginshiƙin. Ruwa ba zai tsaya ba, zai ci gaba da turawa har tif-tif ɗin su tashi tsaye su zubar da mutane, kuma a kan igiyar za su zube. In ta naɗe ƙafa ko wuya, ƙarfin ruwan ba zai bari hannu ya kwance ta ba. A Tube Chute ma haka, na gaba ya shiga, na baya ya fizge shi. Ban da wannan, tarin tif da aka haɗe ba ya juyuwa, ba za ku iya kauce wa reshe ba, kuma in kun zo mafita nauyinsa zai wuce da ku.

Injiniya_SA
Akwai tsaka-tsaki. Ba igiya ba, gajeren maɗauri mai maƙalli da ake ɓallewa da hannu ɗaya, tsawonsa kada ya wuce santimita 30, don kada ya samu sararin naɗe gaɓar mutum. Kuma kada a haɗa fiye da tif uku: babba, yaronsa, sai na kular abin sha. A ɓalle kafin kowace gangara da kowace gada. Ba a ɗaura komai a jikin mutum, ko wuyan hannu ko ƙugu ko rigar ceto.

Sarkin_Ruwa82
Na kula na yarda a haɗa. Na yaro na fi son hannun uwa ko uba a kan mariƙin. Hannu yana saki da kansa in abu ya ɓaci, maƙalli sai an tuna da shi.

MamanBiyu
Riƙon awa uku fa, Malam? Hannu zai gaji. Ga mai yara biyu kuma.

Sarkin_Ruwa82
Ana saƙala ƙafa a tif ɗin yaron a huta da hannu. Mai yara biyu a ba ta mataimaki, manya 14 ne ga yara 9, akwai rara. A nemi wa yaran tif mai rufaffen ƙasa, kada su zurma ta rami. Matsalar rarrabuwa da Bakano ya kawo kuma gaskiya ce, amma tsari ke maganinta. Cikin biyar ɗin da suka iya ruwa, ɗaya a gaba ba mai wuce shi, ɗaya a can baya ba ya wuce kowa, uku a tsakiya. Kowannensu da usur. Busa ɗaya, a dube ni. Busa uku, akwai matsala. A tsaya a ƙirga kai bayan makwarara da kuma a mafita.

Yar_Damagaram
Ina son in yi wa mata magana kan sutura, don a nan ake kuskure da kyakkyawar niyya. Doguwar abaya da zani da babban hijabi har gwiwa ba na shiga kogi ba ne. Auduga na shan ruwa ta yi nauyi, yadi mai faɗi na naɗe ƙafafu, yana kuma kama reshe. A sa dogon wando mai kama idon sawu da riga mai dogon hannu zuwa cinya, na yadin wasanni mai saurin bushewa, da ƙaramin hijabi mai shiga kai wanda ba ya buƙatar fil. Rigar ceto a kai tana ƙara rufe jiki. Abaya da tawul a bar su cikin jaka a mota ko wurin masu haya, ana fitowa a zura. Maza ma jallabiya da wandon jins ba su dace ba.

Takalmi kuma ba silifas ba. Ruwa na cire shi a gangarar farko, duwatsun ƙasa farar ƙasa ce mai gansakuka, ga santsi, ga kwaltar mafita da zafi kamar tanda. Takalmi mai maɗauri a dunduniya, ko tsohon kambas.

Malam_Na_Austin
Shawarar ƙarfe 9 ta yi daidai da salla ma. A yankin nan cikin Yuli azahar ba ta shiga sai wajen 1:35 na rana, la'asar kuma bayan ƙarfe 5. In an shiga 9 an fito 12, an sauya kaya, an ci abinci, sai a yi azahar a tsanake a wurin shaƙatawa. In aka yi lattin shiga har ƙarfe 1, a kan ruwa lokacin zai riske ku, kuma yawancin gaɓar kogin filayen mutane ne, hawa ba izini laifi ne a dokar Texas. Na Houston da Dallas matafiya ne, suna da sauƙin ƙasaru. Na San Antonio tafiyarsu kamar kilomita 50 ce, ba ta kai ba.

Gwaggo_A
Abinci fa? A yi dambun nama da cincin da zoɓo, a zuba a leda kowa ya riƙe nasa.

Injiniya_SA
Gwaggo, a gafarce ni, leda ba za ta shiga ba. A cikin iyakar garin New Braunfels an hana duk wani mazubi na amfani sau ɗaya a kan kogi: gwangwani, gorar ruwa ta roba, leda, kofin takarda, duka. Kwalba da kular farin soso su ma haramun ne. An kafa dokar a 2011, kotu ta dakatar da ita, ta dawo aiki a 2017, kuma tarar na iya kaiwa dala 500. Kula kada ta wuce kwat 30, wato kamar lita 28, ɗaya ga mutum ɗaya, kuma murfinta ya zama mai kullewa. Tif kada faɗinsa ya wuce ƙafa 5. A zuba dambu da cincin da dabino a robobin abinci masu murfi da ake wankewa, zoɓo a filas ko jarka.

Lissafin ruwan sha: lita 2 ga kowane mutum a tafiyar awa uku, mutum 23 lita 46 ke nan. Kula ɗaya ba za ta ɗauka ba, balle an sa ƙanƙara. Kowa ya zo da gorarsa ta ƙarfe ko ta roba mai kauri a cike, a maƙala a tif, sannan kula uku su ɗauki ƙari. A daskarar da rabin gorunan tun dare, su ne ƙanƙarar, in sun narke a sha. Kowace kula tif ɗinta daban mai rufaffen ƙasa, a ɗaure ta a ciki.

Bazazzagi_Dallas
Ka ga wani dalilin da na ce Horseshoe. Yana wajen iyakar gari, dokar gwangwani ba ta kai can ba. Kwalba da farin soso dai an hana a can ma.

Nas_Zulai
Kunun aya kada ya zo, ba ya jure zafi, kafin azahar ya yi tsami. Haka duk abin da aka haɗa da madara ko mayonis.

Sai rana. Baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman da ruwa ke mayar da hasken. Man kariya mai lamba 30 ko sama, wanda ruwa ba ya wankewa da wuri, a shafa minti 15 kafin a shiga, a sake bayan awa biyu. Inda ake mantawa: gwiwa, ƙwauri, bayan ƙafa, kunne, ƙeya, don a tif su ne ke kallon sama. Sanyin ruwa na ɓoye ƙishi, a riƙa tuna wa yara da tsofaffi su sha. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya alamar zafi ya fara cin mutum ne, a kai shi inuwa a jiƙa shi a ba shi ruwa. In ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, a kira lambar gaggawa 911 kai tsaye. Yaro kuma in ya fara karkarwa leɓensa ya sauya, a ɗora shi kan tif gaba ɗaya ya bar taɓa ruwa. Masu ciwon suga su riƙe dabino kusa, ba a cikin kular da ta yi gaba ba.

Dan_Yankari
Ina bin ku daga Bauchi. Wannan Comal da kuke siffantawa kamar Wikki ne a Yankari, shi ma daga ƙasa yake fitowa garau, sai dai namu ɗumi gare shi, digiri 31 kullum. Ina tunanin ko za a iya irin wannan a kogunanmu, tunda tif ɗin mota ba ya wuya wurin masu faci.

Nas_Zulai
Ɗan Yankari, a yi hattara. Yawancin ruwanmu na gida mai kwanciya ko mai tafiya a hankali yana da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Zaman awa uku a ciki ya isa. Da damina kuma ruwan ja ne, ba ka ganin abin da ke ƙasa.

Sarkin_Ruwa82
Ga kuma rashin sanin hanya. Abin da ya sa ake iya yi a Comal shi ne an san kowace gangara, an san mashiga da mafita. Kogin da ba a bi shi an duba daga farko zuwa ƙarshe ba, ba a sa iyali a ciki, a nan ko a gida.

MamanBiyu
Tunda an ambaci damina, ni abin da ke raina ambaliyar 4 ga Yuli 2025 ce. Ba Guadalupe ɗin nan ba ne?

Injiniya_SA
Shi ne, Hajiya, amma can sama, a gundumar Kerr, wajen Hunt da Kerrville. Ruwa ya tashi kusan ƙafa 26 cikin minti 45 da asuba, mutum fiye da 130 suka rasu a yankin, da yawa yara ne. Allah ya kiyaye na gaba. Wurin da muke magana yana ƙasa da Canyon Lake, tafkin ne ya tare ruwan.

Kawu_Direba
Kada dai a ɗauka madatsa ta gama magana. Ruwan da ya sauka ƙasa da ita ba abin da ke tare shi. A watan Yunin 2010 haka aka yi, ruwan sama ya zuba tsakanin madatsar da New Braunfels, kogunan biyu suka cika cikin 'yan awoyi har da motocin masu haya ruwa ya ja. A 2002 kuma tafkin kansa ya cika ya tumbatsa. Ƙasar yankin dutse ce, ba ta shan ruwa.

Injiniya_SA
Haka ne Kawu, na gode da gyara. Comal ma yana da rafin Dry Comal da ke zubo masa ruwan unguwanni in an yi ruwan sama, ya mayar da shi ja, ƙwayoyin cuta su ƙaru. Hukumar gari kan rufe kogin in ya cika. Ƙa'idar da zan ba da: a duba hasashen hukumar yanayi daren tafiya da kuma safiya. In akwai sanarwar yiwuwar ambaliya a gundumar, a fasa. In an yi ruwa mai ƙarfi, a ba shi kwana biyu zuwa uku. Ana cikin ruwa aka ji tsawa, a fita a mafita mafi kusa, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. In ruwa ya fara sauya launi ko ya fara kawo itace da shara, a hau tudu nan take, a bar tif ɗin.

Sarkin_Ruwa82
Abu ɗaya da za a koya wa kowa a bakin ruwa kafin a shiga, minti biyar ya isa. In ka faɗo, kada ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa. Ƙafa na shiga tsakanin duwatsu, ruwa ya tura ka ta baya ya kifa ka, ko zurfin bai kai ƙugu ba. Ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna leƙowa sama, ka tura ruwa da hannu zuwa gaɓa a karkace. Bishiyar da ta faɗo cikin ruwa a nisance ta tun daga nesa, ruwa na wucewa ta cikin rassan, mutum ba ya wucewa. Mai son ceton wani ya tura masa tif ko ya miƙa sanda. Wanda bai iya ruwa ba kada ya yi tsalle don ɗansa ne, ya busa usur ko ya yi ihu. Duk wanda ya shaƙi ruwa yana ta tari ko numfashinsa ya sauya, asibiti, ko ya ce ya warware.

A Comal kuma a kula da allon mafita ta ƙarshe. A fara matsawa gefenta tun da sauran tazara. Wanda ya wuce ta, cikin Guadalupe zai faɗa.

Baban_Hanifa
Allah ya saka wa kowa. Iyaye a turo mini nauyin kowane yaro da fam ta saƙon sirri kafin Juma'a, saboda rigunan. Matsalar Laraba ita ce shida cikin manya ba za su samu hutun aiki ba, ciki har da biyu daga masu iyo. In Asabar ce kaɗai mafita, ƙarfe nawa ya kamata mu kasance a bakin ruwa?

Kawu_Direba
Da buɗewar masu haya. A kira su a ji lokacin, a iso rabin awa kafin nan. Na Houston tafiyar awa uku ce, na Dallas kusan huɗu, gara su kwana a New Braunfels ko San Marcos ranar Juma'a. Direban da ya tashi ƙarfe 4 na asuba, ya wuni a rana, ba shi ya kamata ya ja mota ya koma a daren ba.

BakanoHTX
In Asabar ce, maganar ɗauri ta dawo. Cikin wannan cunkoson ɗan gaba da ɗan baya ba za su ga juna ba, usur ma kiɗa zai danne shi.

Yar_Damagaram
A raba mu gida uku, kowane rukuni mutum bakwai ko takwas da mai iyo aƙalla ɗaya, sauran biyun su bi rukunin da ƙananan yara suka fi yawa. Yaran duka a sa musu huluna masu igiya launi ɗaya mai haske, ruwan lemo ko ɗorawa, a hango su daga nesa.

Bazazzagi_Dallas
Injiniya, don Allah ka riƙa sa mana lambar Sattler a nan kullum daga saura mako guda. In ta tsaya tsakanin 150 da 300 ina nan a kan bakata, manya su yi Horseshoe da yamma bayan an fito da yara daga Comal.

Sarkin_Ruwa82
Masu iyo biyar ne kawai, kuma za su fito a gajiye. In uku sun tafi Horseshoe, wa zai tsaya da yaran a gaɓa? A fara amsa wannan tukuna.